Karen Matar Malam Mujtaba

A unguwar Gwadangaji, in aka ce Malam Mujtaba ba a buƙatar ƙarin bayani. Shi ne malamin Larabci a wata makarantar sakandare da ke bakin titi, kuma shi ake turawa gaba a masallacin layinsu duk ranar da liman ya yi tafiya. Gidansu na asali yana cikin tsohon garin Birnin Kebbi, gidan da tun kakanni ake ɗaukar karatu a zaurensa. Mutum ne mai tsananin kula da tsarki. Ko ruwan kwata ya fallatsar masa a ƙafar wando, sai ya koma gida ya sake wani.

Matarsa Nazifa 'yar Argungu ce, tela, mai keken ɗinki a tsakar gida da mata cike da tabarma kullum. Ita ce mai maganar gidan. Idan Mujtaba ya dawo da fuska a murtuke, kafin ya cire hula ta kwaikwayi tafiyarsa har ya dara ba da son ransa ba.

Wata ranar Lahadi ta je bikin suna a garinsu. A hanyar dawowa tayar motar haya ta fashe, motar ta wuntsila ta faɗa fadama. Sauran fasinjoji karaya suka samu. Ita ko ƙwarzane ba a gani a jikinta ba, sai wani kumburi a bayan kunne. Ta yi makonni a asibiti a Sakkwato ba ta san inda take ba. Da ta farfaɗo, likita ya zaunar da Mujtaba ya ce masa buguwar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Za ta yi tafiya, za ta ci abinci da hannunta, amma kada ya sa rai matar da ta fita daga gidansa ita ce za ta koma cikinsa.

Haka kuwa aka yi. Nazifa ta dawo gida da fuskarta, da muryarta, amma kalmomi sun riƙa kuɓuce mata. Za ta so cewa cokali ta ce tsintsiya, in ba a gane ba ta yi jifa da abin da ke hannunta. Ta ɗora tukunya ta manta har ƙasanta ya ƙone. Keken ɗinki ya yi ƙura. Mahaifiyarta, Inno, ta ɗauki 'yarsu ƙarama Hamida ta tafi da ita Argungu, don a rage wa gidan nauyi.

Duk wannan Mujtaba ya ɗauke shi a matsayin jarrabawa. Abin da ya kasa ɗauka shi ne kunyar da ta fita daga idon Nazifa. Matar liman ta zo dubiya, Nazifa ta ƙare mata kallo ta ce, "Kin yi ƙiba. Wanga ɗinki bai yi miki kyau ba." Wata rana aka zo faɗa mata rasuwar wata maƙwabciya, ta tuntsire da dariya har da hawaye. Mujtaba yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

Daga nan duk wanda ya yi sallama sai ya leƙa ya ce, "Ayya, barci take yi." Da matan layi suka gaji suka daina zuwa. Ya sayi kwaɗo, in zai tafi makaranta ya ajiye mata abinci ya kulle gidan ta waje. Ya gaya wa kansa don kada ta fita ta ɓata ne. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa bai tsaya duba sauran dalilan ba.

Wata azahar ya dawo, yana buɗe kwaɗo ya ji magana a tsakar gida. Magana ce doguwa mai santsi, babu gargada, irin wadda rabonsa da ji tun kafin hatsarin. Murna ta kama shi. Ya ingiza babur ya shiga da sauri.

Nazifa tana zaune a tabarma, a gabanta wani kare ja, ramamme, kunnensa ɗaya a yage, yana lashe tuwon shinkafa daga kwanon Mujtaba. Ta rariyar bayan gida ya shigo, inda bulo ɗaya ya zube. Ita kuwa bayani take yi masa yadda ake yanka hannun riga.

"Ka ga, Jatau, in ka yanka shi daidai da awo, sai ya matse hammata. Sai ka bar yatsa biyu."

Mujtaba ya rarumi itacen girki. Karen ya yi ƙara ya shige rariya. Nazifa ta ƙwalla ihun da bai taɓa jin irinsa ba, ta kifa kanta a gwiwa, ta ƙi ci ta ƙi sha har washegari. Ya wanke kwanon da ƙasa ya kuma wankewa, daga ƙarshe ya jefa shi bayan ɗaki. Ya toshe rariyar da sabon bulo. Da ya dawo daga makaranta ya tarar ta ture bulon da hannunta, farcenta biyu sun ɓalle suna jini, karen yana kwance a inuwar randa.

Ya ɗaure mata yatsun. Bai sake toshe rariyar ba.

A ɗakin malamai ya koma zama can kusurwa, wayarsa a ƙarƙashin tebur kamar ɗalibi mai satar amsa. Abin da yake karantawa shi ne yadda ake kiwon kare. Ya karanta cewa ana yi musu allurar rigakafin hauka. Ya karanta yadda ake cire kaska ba tare da an bar kanta a cikin fata ba. Ya karanta cewa albasa guba ce gare su, abin da ya sa jikan manyan malamai ya koma tsugunawa a kicin yana tsince albasa daga ragowar miya. Ya ci karo da labarin wasu ƙasashe inda ake ba masu raunin ƙwaƙwalwa kare da gangan, wai yana sa su tashi da wuri, su motsa, su yi magana ba tare da tsoron a gyara musu ba. A ƙarƙashin labarin akwai hoton wani tsohon Bature kwance da kare a kan gado ɗaya. Mujtaba ya yi a'uziyya ya kashe wayar. Bayan an kaɗa ƙararrawa kowa ya fita, ya sake kunnawa ya ƙarasa.

Ya kuma sauko da littattafan fiƙihun mahaifinsa. Abin da ya tarar a ciki ya riga ya sani: an halatta riƙe kare don gadi da noma da farauta, kuma malaman mazhabarsu ba su ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa wa baki. Amma littattafan ba su faɗa masa abin da zai ce wa mutanen layi ba. Kuma Jatau ba ya kiruwa karen gadi. Kaza mai 'ya'ya ta taɓa kora shi har ƙarƙashin keken ɗinki.

Maganin kaska kuwa, sai da ya tsallaka can ɗaya gefen gari inda ba a san shi ba, ya ce wa mai shagon na rago yake so.

Abin da ya karanta ya soma ganinsa da idonsa. Nazifa ta koma tashi da asuba don ta zuba wa Jatau ruwa. Ta fara yin wanka ba sai an tuna mata ba. Wata safiya ya ji keken ɗinki yana ƙara, ya fito ya tarar tana haɗa ƙyallaye, layin a karkace amma a haɗe, tana yi wa karen shimfiɗa. Ya kamata ya yi hamdala, kuma ya yi. Sai dai a igiyar shanya akwai farar rigarsa da aljihunta ya yage tun damina, ba ta ko kalle ta ba. Da shi Mujtaba kuwa maganarta ba ta wuce "ruwa" da "a'a". Ya kama kansa yana jin haushin kare irin haushin da ake ji wa ɗan'adam, abin ya ƙara ba shi kunya.

Ana haka Inno ta bugo waya ta ce tana nan tafe ranar Alhamis ta ga jikin ɗiyarta.

Tsakaninsa da Inno akwai surukuta ta gaske. Bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba. Ya kwana biyu yana hango ta tana shimfiɗa sallaya a tsakar gidan, kare ya zo yana shinshina butarta. Ranar Talata da sassafe, bayan ya dawo daga masallaci, ya leƙa ɗaki ya ga Nazifa a lulluɓe. Ya yaudari Jatau da busasshen kifi, ya tura shi cikin buhun shinkafa ya ɗaure baki, ya ɗora a bayan babur. Karen yana ta kuka a cikin buhu har garin Zauro.

A can akwai Labbo, wanda ke noma fadamar da mahaifin Mujtaba ya bari. Labbo ya kwance buhun ya ga abin da ke ciki, ya dubi Malam, ya sake duban karen.

"Na wane ne wanga, Malam?"

"Na wani maƙwabcinmu ne. Ka riƙe shi nan, ya riƙa korar maka awaki."

Da ya koma gida Nazifa tana tsugune a bakin rariya. Ya ce mata, "Ya tahi. Haka karnuka suke, ba su zama wuri guda." Ba ta waiwayo ba.

Ranar Alhamis ya yi tsammanin sai yamma Inno za ta iso, ya tafi makaranta. Da ya dawo da azahar ya hango ta zaune a kan tabarmar aro a inuwar katangar gidansa, ga ƙunshin kayanta a gefe, ga kwaɗo yana lilo a ƙofa a saman kanta. Matan maƙwabta biyu da ke taya ta hira suka miƙe suka shige gida.

Ya sauka daga babur ya durƙusa. "Inno, sannu da hanya. Ban san da wuri za ki taho ba."

"Lahiya lau. Buɗe muna."

Ya buɗe kwaɗon, suka shiga.

Nazifa tana nan inda ya bar ta, a bakin rariya, da zanen da ta ɗaura tun ranar Talata. Inno ta rungume ta, ta kwance ƙunshi ta fito da soyayyen kifin Argungu da ta san ɗiyarta tana so. Nazifa ta karɓi guda, ta juya shi, ta ajiye a bakin ramin rariyar.

"Mi ke nan?" Inno ta tambaya. "Mi take yi?"

Mujtaba yana tsugune nesa da su, idonsa a ƙasa. Ya ji bakinsa yana cewa, "Haka takan yi, Inno. Ciwon ne. Wani lokaci ba ta san abin da take yi ba."

Nazifa ta ɗago kai. Bakinta ya yi ta motsi tana laluben kalma, kamar mai neman allura a cikin yashi.

"Buhu," ta ce.

"Wane buhu, ɗiyata?"

"Malam ya sa Jatau buhu. Na gani ta taga. Shina kuka. Ya ɗaure baki."

Inno ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wane ne Jatau? Ɗan wa anka sa buhu?"

Babu wata hanya da ta rage. "Kare ne, Inno."

"Kare?"

"Kare ne. Ya saba shigowa wurinta. Da shi take magana. Na kai shi Zauro don kada ki tarar da shi."

Inno ta janye butarta daga ƙasa ta ɗora a cinya. Ta dubi randa, ta dubi tabarmar da take kai, ta ga ƙyallayen da aka haɗa a gindin bango, fuskarta ta yamutse.

"Ni dai Allah ya sani ban son kare," ta ce. "Ko inuwarsa ban so. Da na tarar da shi nan da waje zan yi salla." Ta gyara zama. "Amma Malam, maƙwabtanka sun ce rabonsu da ganin Nazifa tun layya. Kullum sunka zo ka ce barci take yi. Na zauna ƙofar gidanka ina jin ɗiyata tana motsi ciki, na kira ta ta amsa, babu hanyar da za ta buɗe min. Yanzu kuma gabana ka ce ba ta san abin da take yi ba, alhali ta hi ka sanin abin da anka yi. In riƙonta ya yi maka nauyi, ka gaya min. Motar Argungu ba ta ƙare ba."

Tun da ya auri Nazifa Inno ba ta taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba. Ya buɗe baki zai ce don kada ta ɓata ne ya kulle ta, sai ya ji ba zai iya faɗa ba. Ya miƙe ya ɗauki makullin babur.

A Zauro ya tarar da Jatau ɗaure a jikin injin ban-ruwa, igiya ta goge masa wuya. Labbo ya ce tun da aka kawo shi bai kori ko akuya ɗaya ba, kuka kawai yake yi. Mujtaba ya zaro buhun daga bayan babur. Karen na ganinsa ya soma ja da baya yana ihu, yana fitsari a tsaye, har ya nemi shaƙe kansa da igiyar. Mujtaba ya tsaya da buhu a hannu, ya kalle shi, ya yar da shi a kan kunyar gona.

"Labbo, ka riƙe min babur, gobe na aiko. Kuma ba na maƙwabci ba ne. Na gidana ne."

Ya kwance igiyar ya sassauta ta, suka hau titi. Ya tsayar da mai keke napep, mutumin ya leƙo ya ga kare ya ja abinsa. Na biyu ma haka. Sai ya haƙura ya kama tafiya a ƙasa, shi da farar jallabiya da hula, karen yana binsa yana tirjewa, ga rana tana dukan ƙeya. Motocin Argungu suna wucewa fasinjoji suna leƙowa. Tafiyar ta yi nisa. A wani wuri ya saya wa kansa ruwan leda, ya sha rabi, ya waiwaya hagu da dama, ya tsiyaya wa karen sauran a murfin wata roba.

Ya so a ce ya iso bayan duhu ya shiga, amma bai samu haka ba. Ya shigo layinsu ana gab da kiran magariba, mutane sun jeru a bakin masallaci suna alwala. Hira ta tsaya cak. Wani tsohon ɗan kasuwa, Alhaji Kalilu, ya ɗago da ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"A'a, Malam Mujtaba! Hwarauta anka tahi?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mujtaba ya so ya ce na gadi ne, kalmar tana kan harshensa.

"Na maiɗakina ne, Alhaji," ya ce. "Tana samun sauƙi da shi."

Bai jira amsa ba. Yana jin idanunsu a bayansa har ya kai ƙofa.

Jatau ya fizge igiya ya ruga tsakar gida. Nazifa ta riƙe kansa da hannu biyu tana duba wuyan da igiya ta goge, tana yi masa faɗa a kan yawo. Inno ta tattara zanenta ta haye kan turmi da butarta, tana salati. Mujtaba ya wanke hannu, ya sake riga, ya yi sallarsa a ɗaki, don ƙafafunsa sun ƙi kai shi masallaci.

Inno ta yi mako guda. Ta sa aka kafa wa karen rumfar langa-langa can bayan ɗaki, ta shata masa iyaka da tsintsiya, ta hana shi ƙetare inda ake salla da inda ake girki. Ta riƙa barin ƙofar gida a buɗe, ta aika aka kira matan layi. Suka zo, wasu don dubiya wasu don ganin kare. Nazifa ta ce wa ɗaya haƙoranta sun yi ja. Matar ta yi turus, Inno ta ce, "Ki yi haƙuri, ciwon ya ɗauke mata birki," aka yi dariya aka ci gaba da hira. Mujtaba yana ɗaki yana ji, ya rufe fuska da hannu. Kafin Inno ta tafi an shirya cewa wata bazawara a layin, Baiwa, za ta riƙa zama da Nazifa har ya dawo daga makaranta.

Nazifa ba ta warke ba. Likita bai yi ƙarya ba. Har yanzu tukunya tana ƙonewa in ba a kula ba. A masallaci kuma, da liman ya sake yin tafiya, wani aka tura gaba ba Mujtaba ba. Babu wanda ya ce masa komai, shi ma bai tambaya ba. Ya tsaya a sahu na biyu, kansa a sunkuye.

Ranar da Inno za ta koma ya raka ta tasha, yana riƙe da ƙunshinta yana tafiya a bayanta. Sai da ta zauna a mota ta leƙo ta taga, tana kallon wani wuri can gefen kafaɗarsa.

"In anka yi hutu ka kawo ta Argungu ta ga Hamida. Yarinyar tana tambaya."

"To, Inno. In sha Allah." Ya matso kusa da tagar. "Sai dai ban sani ba ko za ta yarda ta taho ba tare da…"

Inno ta ja tsaki ta gyara mayafi.

"Ku taho da abinku. Amma ƙofar gida za shi tsaya, kuma kai za ka yi wa Malam bayani, ba ni ba."

Malam ɗin da take nufi mijinta ne, mahaifin Nazifa, wanda ya fi Inno tsanani. Mota ta tashi. Mujtaba ya tsaya a tashar yana lissafin ta inda zai soma wannan bayanin, bai samo ba, ya juya ya nufi gida.